Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ya Gina Makarantun Ƙananan Yara a Garuruwan Ingila?

Wasiƙu biyu na haɗa a wannan fitowa, domin amsar ta farko ita ce ke share wa ta biyu fage.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce mai koyar da 'yan rabin aji, kuma na daɗe a wannan aiki. Kwanakin baya na ga hoton wani tsohon gini na jan bulo a wani ƙaramin gari na Ingila, da wani dutse a jikin bangonsa wanda aka sassaƙa rubutu a kai cewa makarantar ƙananan yara ce, kuma mutanen garin ne suka gina ta da gudummawarsu a wajajen 1840. Abin ya ɗaure mini kai, domin na ɗauka cewa a irin waɗannan ƙasashe gwamnati ce ke gina makarantu tun asali. Ina so a yi mini bayanin mafarin irin wannan makaranta, da yadda jama'ar gari suke tara kuɗin, da abin da ya sa suka ɗora wa kansu wannan nauyi. Daga wata malama.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Dutsen da kika gani bai yi ƙarya ba. Kafin shekarar 1833 gwamnati ba ta ba da ko kwabo domin gina makarantun 'ya'yan talakawa a Ingila, kuma sai a 1870 aka yi dokar da ta ba hukumomin gari ikon gina makarantu da kuɗin haraji. Duk makarantar ƙananan yara da aka buɗe a wani ƙaramin gari kafin wannan lokaci, to, ko dai wani mai hali ne ya gina ta shi kaɗai, ko coci, ko kuma jama'ar gari ne suka yi karo-karo, kuma sau da yawa hannun duka ukun yana ciki.

A tsarin Ingila na yau, irin wannan makaranta tana ɗaukar yara daga shekara huɗu ko biyar zuwa bakwai, wato ajin share fage da aji ɗaya da aji biyu, daga nan su wuce ɓangaren manya na firamare har zuwa shekara goma sha ɗaya. A farkon al'amari kuwa, har yara 'yan shekara biyu ake kai wa, saboda haka ta fi kusa da aikin da kike yi a yanzu fiye da yadda sunanta zai nuna.

Masu tarihi sukan fara lissafi daga wani limamin coci mai suna Oberlin, wanda a wajajen 1770 ya riƙa tara ƙananan yara a ƙauyukan duwatsun Vosges na gabashin Faransa, ya sa 'yan mata suna koya musu saƙa da waƙa da sunayen tsirrai. Amma reshen da ya yi 'ya'ya a Birtaniya ya tsiro ne a New Lanark, wani garin masaƙar auduga a Sikotilan, inda Robert Owen, mai gudanar da masaƙar, ya buɗe wa 'ya'yan ma'aikatansa makaranta a ranar 1 ga Janairu, 1816. Wani masaƙi mai suna James Buchanan ya ɗauko ya ba riƙon ƙananan, saboda haƙurinsa da son yara, ya kuma kafa sharaɗin cewa ba duka, ba tsawa, kuma ba za a cika su da littattafai ba, sai waƙa da rawa da wasa da hira a kan abubuwan da idonsu ke gani. Labarin ya kai Landan, inda wasu manyan mutane, ciki har da ɗan majalisa Henry Brougham, suka haɗa kuɗi suka buɗe irinta a Westminster a 1819, suka kira Buchanan ya riƙe ta. Shekara guda bayan haka wani attajiri mai cinikin siliki, Joseph Wilson, ya buɗe ta biyu a unguwar Spitalfields, ya ɗora Samuel Wilderspin a kanta.

Wannan Wilderspin shi ne mutumin da ya fi kowa hannu a ginin da kika gani a hoto, ko da bai taɓa taka garin ba. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a ranar farko yaran sun ɓarke da kuka gaba ɗaya da iyayensu suka juya baya, ya rasa yadda zai yi, sai ya ɗora hular matarsa a kan doguwar sanda ya ɗaga sama, kuka ya koma dariya, kuma daga ranar ya gane cewa ƙaramin yaro ta ido ake fara kama hankalinsa. Na tabbata, Malama, wannan labari ba zai zame miki baƙo ba. Shi ne ya yaɗa abubuwa biyu da suka zama alamar waɗannan makarantu. Na farko kujeru ne masu hawa-hawa kamar matakala a ƙarshen ɗaki, inda yara da yawa za su zauna kowa yana ganin malami. Na biyu shi ne filin wasa mai lilo da furanni da itatuwa, wanda ya ɗauka tamkar wani ɗakin karatu ne marar rufi, domin a can ake ganin halin yaro na gaskiya. Ya wallafa littafi a kan wannan tsari a 1823, aka kafa ƙungiyar makarantun ƙananan yara a Landan a 1824, sannan ya shiga yawo gari-gari a Ingila da Sikotilan da Ayalan yana buɗe makarantu. Dabararsa ita ce ya horar da yaran gari na 'yan makonni, sa'an nan a gayyaci jama'a su zo su gani da idonsu yadda 'yan shekara huɗu ke ƙirga da rera waƙa da amsa tambaya. Gani ya kori ji, kuma a irin wannan taro ne hannuwa ke shiga aljihu.

Yanzu ga yadda ake tara kuɗin. Yawanci limamin cocin gari, ko likita, ko wasu matan masu hali, su ne ke fara ɗago maganar. Sai a kira taron jama'a, a naɗa kwamiti da ma'aji da magatakarda, a buɗe takardar gudummawa. Wannan takarda tana da tsarinta: babban mai ƙasa na yankin shi ne ke sa hannu da fari, da fam ashirin ko hamsin, sai masu banki da lauyoyi da manyan manoma su biyo baya da fam biyar ko gini guda, wato sule ashirin da ɗaya, sai masu kantuna da sule goma ko biyar, har a gangaro kan waɗanda sisi kawai suka iya bayarwa. Akan buga jerin sunayen a jaridar yankin tare da abin da kowa ya bayar, kuma duk wanda ya san halin ɗan Adam ya san cewa buga sunayen nan kansa wata hanya ce ta tatso kuɗi, domin babu mai kanti da zai so maƙwabcinsa ya fi shi a idon masu saye. Wanda ba shi da kuɗi yakan ba da ƙarfinsa. Manomi ya ba da amalanke da dawakai a yi jigilar dutse da yashi kyauta, magini ya rage ladansa, abin da da harshenmu za mu kira aikin gayya.

Fili kuwa sau da yawa kyauta ce daga mai ƙasa, kuma a 1841 majalisar dokoki ta yi doka ta musamman da ta sauƙaƙa wa masu ƙasa ba da fili wanda bai wuce eka ɗaya ba domin makaranta, bisa sharaɗin cewa idan aka daina amfani da shi don wannan manufa zai koma ga asalin gidan da ya fito. Ki riƙe wannan sharaɗi a zuciya, domin zai sake ɓullowa a amsa ta biyu.

Bayan an tara abin da gari zai iya, sai a nemi ciko daga waje. Ƙungiyoyi biyu ne ke riƙe da wannan fage: National Society ta Cocin Ingila, wadda aka kafa a 1811, da British and Foreign School Society, wadda asalinta ya koma 1808, kuma mabiya sauran ɗarikun Furotesta suka fi jingina da ita. Fam 20,000 ɗin da majalisa ta fara warewa a 1833 ta hannun waɗannan biyu aka raba shi, domin gini kawai, kuma da sharaɗin cewa sai jama'ar wurin sun tara aƙalla rabin kuɗin da kansu kafin a ba su komai. A ganina wannan sharaɗi shi ne mabuɗin fahimtar dutsen da kika gani. Ya zaburar da garuruwa masu ɗan hali su tashi tsaye, amma ya bar mafi talaucin wurare, waɗanda suka fi kowa buƙatar makaranta, ba su da abin da za su fara da shi, balle su sami ciko.

Sai dai ba a gini gizo ke saƙar ba. Gini abu ne na lokaci guda, yana da ranar aza harsashi da ranar buki, kuma mutane suna son abin da za su nuna da yatsa. Abin da ya fi wuya shi ne albashin malama a kowane wata, da kwal ɗin ɗumama ɗaki a lokacin sanyi, da alluna da alli, da gyaran rufi idan ya fara yoyo. Hanyoyi uku aka dogara da su. Akwai gudummawar shekara-shekara daga waɗanda suka yi alkawari, wadda takan ragu a hankali idan masu bayarwa suka mutu ko suka ƙaura ko zumuɗin farko ya huce. Akwai kuɗin makaranta da yara ke kawowa kowace safiyar Litinin, kwabo ɗaya ko biyu a mako. Za ki ce kwabo ba komai ba ne, amma a wajajen 1850 leburan gona a gundumomi da yawa na kudancin Ingila bai kai ga samun sule goma a mako ba, kuma idan yana da yara huɗu a makaranta, kwabon nan yana gogayya ne da burodin gida. Sai ta uku, wadda ita ce ta fi barin labari: tarukan neman taimako. Akan keɓe wata Lahadi a shekara a yi wa'azi na musamman a coci domin makaranta, a jera yaran a gaba cikin tsabta, a zagaya da faranti. Mata sukan shafe watanni suna ɗinki da saƙa, sannan a buɗe kasuwar kwana ɗaya ko biyu a sayar, ribar ta shiga asusu. Akan shirya daren waƙe-waƙe, ko taron shan shayi da ake sayen tikitin shiga, ko kuma, daga wajajen 1860, taron karatun littattafai a bainar jama'a wanda kuɗin shigarsa kwabo ne.

Kin tambayi abin da ya sa suka ɗauki nauyin. Akwai tausayi na gaskiya, kuma ba zan rage masa daraja ba. Iyaye mata suna fita aiki a masaƙa ko gona, ana barin ƙananan yara a titi, ko a hannun yayyensu da ba su fi su da yawa ba, ko a ɗakin wata tsohuwa da ke tsare su a kan 'yan kwabbai ba tare da wani karatu na kirki ba, kuma ƙunar wuta da haɗarin amalanke ba baƙin abubuwa ba ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Masu hali suna tsoron abin da yaran titi za su zama idan sun girma, kuma masu kafa waɗannan makarantu sun sha faɗa a fili cewa makaranta ta fi kurkuku araha, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai masaƙa yana da riba idan uwa ta sami inda za ta ajiye ɗanta. Idan aka karɓi ƙanin, yayarsa ma ta sami damar zuwa makarantar manya. Sannan akwai gasar ɗariku, wadda ta tara kuɗi fiye da yadda masu rubuta tarihin yabo ke son amincewa: idan aka ji cewa 'yan Methodist za su buɗe makaranta, sai 'yan Cocin Ingila su farka, haka ma idan aka juya, har ƙaramin gari ya wayi gari da makarantu biyu suna kallon juna. Wanda ya ba da kuɗi kuma yakan sami baki. Masu gudummawa su ne ke zaɓen kwamiti, kwamiti ke ɗaukar malama da sallamarta, kuma matan masu hali sukan shigo aji su duba tsabtar yara da ɗinkin 'yan mata.

Shigowar gwamnati ta zo ne mataki-mataki, kuma kowane mataki da igiyarsa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1839 aka kafa kwamitin ilimi na gwamnati tare da sufetocin makarantu, ya zamana duk makarantar da ta karɓi tallafi dole ta buɗe wa sufeto ƙofa. A 1862 aka ɗaure tallafin da sakamakon jarrabawa: yaron da ya wuce shekara shida yana jawo wa makaranta sule takwas idan ya ci karatu da rubutu da lissafi, wanda bai kai shida ba kuwa sule shida da sisi ne, ba tare da jarrabawa ba, muddin sufeto ya gamsu cewa ana koya masa abin da ya dace da shekarunsa. Duk da haka matsin ya gangaro kan ƙananan, saboda kowa ya san cewa su ne za su zauna jarrabawar nan ba da jimawa ba, sai wasa ya ja baya, haddar baƙaƙe ta ci gaba.

Dokar 1870 ita ce ta haifar da wani irin karo-karo mai ban sha'awa. Ta tanadi cewa duk inda aka ga guraben karatu ba su wadatar ba, za a kafa zaɓaɓɓiyar hukumar makarantu mai ikon ɗora wa gidaje haraji, kuma a makarantun hukumar ba za a koyar da aƙidar wata ɗarika ta musamman ba. Nan take limamai da manyan manoma a garuruwa da dama suka zabura suna tara kuɗi domin faɗaɗa makarantar coci ko ƙara mata ɗakin ƙananan yara, wasu don kare koyarwar cocinsu, wasu kuma don sun lissafa cewa gudummawar ganin dama ta fi harajin dole sauƙi. Saboda haka idan kika ga ɗakin ƙananan yara mai ɗauke da shekarar 1871 ko 1872, akwai yiwuwar gudun hukuma yana cikin abin da ya gina shi. A 1880 aka wajabta karatu daga shekara biyar zuwa goma, a 1891 gwamnati ta fara biyan sule goma a kan kowane yaro a shekara domin maye gurbin kwabon Litinin, a 1902 kuma aka rushe hukumomin makarantu aka miƙa aikin ga majalisun gundumomi, waɗanda suka ɗauki albashi da kuɗin gudanarwa har a makarantun coci, amma suka bar wa masu makarantar nauyin gini. Wannan rabo bai ɓace ba. Dokar 1944 ta bar wa makarantun addini da suka zaɓi riƙe ikonsu biyan rabin kuɗin manyan gyare-gyare, kuma ko da yake an yi ta rage kason har ya dawo kashi 10 cikin 100, har yau ƙungiyoyin iyaye da malamai a can suna shirya kasuwar bazara da ta Kirsimeti domin sayen littattafai da kayan filin wasa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai nazarin tarihi, kuma an ba ni aikin rubuta tarihin wata makarantar ƙananan yara ta wani ƙaramin gari a Birtaniya, daga kafuwarta zuwa rufe ta. Daga ina ake farawa, kuma waɗanne takardu ne za su nuna mini waɗanda suka ba da kuɗi? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Malam, fara daga ginin kansa idan yana nan, ko daga hotunansa. Dutsen harsashi yakan ba da shekara da sunan wanda ya aza shi, rubutun da ke saman ƙofofi yakan nuna ta inda maza da mata da ƙanana ke shiga, bambancin launin bulo kuma yakan tona inda aka yi ƙari daga baya. Tagogi masu tsawo da aka ɗaga sama da kan yaro an yi su ne domin haske ya shigo ba tare da hankali ya fita ba. Sai ka gwada abin da ka gani da tsofaffin taswirorin hukumar safiyo ta Ordnance Survey, waɗanda ke nuna siffar gini a shekaru daban-daban.

Takardar da ta fi kowace muhimmanci a kan batun kuɗi ita ce takardar amanar fili, wadda ta yi kama da takardar waƙafi: tana faɗin wanda ya ba da fili, da waɗanda aka danƙa wa amana, da 'ya'yan waɗanda aka gina makarantar dominsu, da addinin da za a koyar. Idan makarantar ta nemi tallafin gini daga gwamnati, takardun neman suna ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, cikin jerin da ake kira ED 103, kuma a cikinsu masu neman sukan bayyana abin da aka ƙiyasta ginin zai ci da abin da jama'a suka riga suka tara. Takardun National Society suna hannun ɗakin karatu na Fadar Lambeth, na British and Foreign School Society kuma suna Jami'ar Brunel. Jerin sunayen masu gudummawa da rahoton kasuwannin neman taimako kuwa a jaridun yankin za ka same su, kuma an ɗora da yawansu a intanet. Ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma, wadda takardunta na shekarun 1841 zuwa 1921 suke a buɗe ga masu bincike, za ta gaya maka sana'ar kowane mai gudummawa da inda malama take zaune da shekarunta.

Amma kundin da zai sa ka ji numfashin makarantar shi ne littafin rahoton shugaba, wanda aka wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafi tun 1862, kuma yawancinsu suna ma'adanar tarihi ta gunduma. An umarci shugaba ya rubuta abin da ya faru a taƙaice, kada ya sa ra'ayinsa, kada kuma ya goge abin da ya riga ya rubuta. Duk da wannan takunkumi, a nan za ka ga makon da ƙyanda ko tarin shiƙa ko mashaƙo ya sa aka rufe makaranta, da ranar da dusar ƙanƙara ta hana ƙanana zuwa, da lokacin girbi da aji ke zama wayam, da yaron da aka mayar gida don bai kawo kwabonsa ba, da rahoton sufeto da aka kwafa kalma da kalma. Ka haɗa shi da rajistar ɗaukar yara da littafin zaman kwamiti. Ka sani kuma cewa ma'adanai sukan rufe takardun da ke ɗauke da bayanan yaran da mai yiwuwa suna raye, wani lokaci har tsawon shekara ɗari, saboda haka ga shekarun baya-bayan nan bakin tsofaffin ɗalibai da malamai shi ne madogararka.

Akwai tarko biyu da nake so ka kiyaye. Na farko, jerin gudummawa yana ɗaukaka mai fam hamsin da ya ba da sau ɗaya, yana ɓoye iyayen da suka yi shekara talatin suna aiko da kwabo kowace Litinin. Idan ka sami littafin kuɗin shiga na shekara guda, ka tara kwabban nan ka gwada su da gudummawar manya kafin ka yanke hukunci a kan wanda ya riƙe makarantar. Haka nan matan da suka yi ɗinkin da aka sayar sukan bayyana a jarida a dunƙule ba tare da suna ba, su kuwa malaman, waɗanda tun bayan da ƙungiyar Home and Colonial ta fara horar da masu koyar da ƙanana a 1836 aikin ya riƙa komawa hannun mata, ana biyansu ƙasa da maza, kuma wannan ragin ma wani irin tallafi ne da ba a rubuta a kowane dutse ba. Na biyu, rahoton jarida na ranar buɗe makaranta yabo ne zalla, rahoton sufeto kuma yakan karkata ga neman aibu, don haka kada ka jingina da ɗaya ka bar ɗaya.

Idan ka iso ƙarshen labarin, ka nemi abin da ya faru da filin. Sharaɗin dokar 1841 na mayar da fili ga asalin masu shi ya jawo rikice-rikice da yawa lokacin da aka riƙa rufe ƙananan makarantu a ƙarni na ashirin, domin sau da yawa an rasa ko su wane ne magadan bayan fiye da shekara ɗari, har sai da majalisa ta yi wata doka a 1987 domin warware matsalar. Takardun irin wannan shari'a sukan ƙunshi tarihin makarantar tun daga tushe.

Idan kana son misalin da za ka auna aikinka da shi, dubi Barton-upon-Humber, ƙaramin gari a arewacin Lincolnshire. A can aka gina makarantar coci a titin Queen Street a 1844, Wilderspin da kansa ya sa hannu a tsara ɓangaren ƙanananta, ya kuma koyar a cikinta tare da iyalinsa na 'yan shekaru kafin ya yi ritaya. Makarantar ta yi aiki har 1978, aka rufe ta, ginin ya shiga lalacewa. Mutanen garin suka kafa ƙungiyar amana domin ceto shi, suka nemi tallafi har aka gyara shi, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2009, tare da kujerun nan masu hawa-hawa da filin wasa irin na tsarin Wilderspin. A garin Hitchin ma akwai gidan tarihin makarantu mai ɗakin karatu na 1837 da wani mai kujeru hawa-hawa na 1853. Dukansu biyu suna da shafuka a intanet masu hotuna, kuma za su taimaka maka ka gane abin da kake karantawa a takardu idan ka ci karo da maganar gyaran matakalar aji ko sayen igiyar lilo a littafin kwamiti.